Jan layukan allon lantarki da hannu: amsa ga wani ɗalibi daga Tawa

"Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ni ɗalibi ne a nan Tawa, ina koyon zana allon lantarki da manhajar KiCad. Na haɗa allo na sarrafa pampon rana na garkar albasar kawuna: bateri mai bolt 12, pampo mai jan amper 5, cif ɗin ATmega328P mai sarrafa komai, da SIM800L mai aiko saƙon salula idan shato, wato tankin ruwa, ya cika. Na bar Freerouting, manhajar da ke jan layi da kanta, ya ja duka layukan da faɗin milimita 0.5, DRC bai nuna kuskure ko ɗaya ba, aka bugo mini allon daga Sin. Amma duk sanda pampo ya tashi sai cif ɗin ya ɗauke ya sake farawa, layi ɗaya kuma har ya yi baƙi. An ce in ja da hannu. Na gwada, kullum sai in maƙale da sauran layi goma ba hanyar wucewa. Don Allah ku taimaka mini, ta ina ake farawa, kuma me ya sa hannu zai fi kwamfuta?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka. Abu biyu ka haɗa a tambayarka: dalilin da ya sa allon da kwamfuta ta ce lafiyarsa lau ya ƙi aiki a garka, da kuma yadda mutum zai ja layi da hannunsa ba tare da ya toshe wa kansa hanya ba. Tushensu ɗaya ne, don haka zan fara da na farkon.

Abin da manhaja ta sani

Manhajar da ke jan layi da kanta tana karɓar abu biyu daga wurinka: jerin ƙafafun da ya kamata su haɗu, da dokokin faɗi da tazara. Daga nan sai ta shiga neman hanya. Dabarar tsohuwa ce, tun 1961 C. Y. Lee ya wallafa tsarin neman hanya a cikin ruɗaɗɗen fili wanda manhajoji da yawa suka ginu a kai. Wajen neman hanya ta fi ni, ta fi ka. Sai dai ba ta san abin da zai bi ta cikin layin ba. A wurinta, layin da ke kai amper 5 ga pampo da layin da ke kunna ƴar fitilar LED duk ɗaya ne, muddin ka ba su faɗi ɗaya. Shi ma DRC, wato binciken kurakuran zane da manhaja ke yi, dokokin da ka shigar kawai yake dubawa. Ka ce masa milimita 0.5 ta wadatar, ya auna, ya ga milimita 0.5, ya yi shiru. Bai yi maka ƙarya ba.

Bari mu yi lissafin layin da ya yi baƙi. Tagullar da ke kan allo na yau da kullum kaurinta maikuromita 35 ne. A wannan kauri, kowane murabba'i na layi, wato tsawon da ya yi daidai da faɗinsa, yana da turjiya kusan rabin miliom. Mu ce layinka santimita 6 ne. Milimita 60 a raba da 0.5, murabba'i 120 ke nan, wato om 0.06. Amper 5 ta bi ta ciki, bolt 0.3 ya zube a hanya, wat 1.5 kuma ya koma zafi a cikin ɗan siririn zaren tagulla. Lissafin IPC-2221, ƙa'idar zanen allo ta masana'antar lantarki, wanda ke cikin ma'aunin da ke zuwa tare da KiCad, ya nuna layin milimita 0.5 a fuskar allo ta waje amper ɗaya da rabi yake ɗauka in ana so zafinsa ya tsaya a ƙarin digiri 10. Milimita 1 tana ɗaukar kusan amper 2.4, amper 5 na buƙatar kusan milimita 2.8, amper 10 kuwa sai wajen milimita 7. Da amper 5 a kan rabin milimita, ƙarin zafin ya haura digiri 150. Ka ɗora wannan a kan zafin Tawa na watan Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40 a inuwa, a cikin akwatin ƙarfe da rana ta dake shi. Guduron FR-4 na gama-gari, wanda ake yin jikin allon da shi, yana fara laushi a wajen digiri 130 zuwa 140. Ka gode Allah da layin bai tsinke ba.

Ɗaukewar cif ɗin ta fi wannan muhimmanci, kuma ita ce za ta koya maka jan layi. Kuran, wato wutar da ke gudu a layi, ba ya tafiya ya tsaya. Duk abin da ya fita daga bateri sai ya dawo, kuma ta layin mas yake dawowa. A shema, wato zanen da ke nuna me ya haɗu da me, mas alama ce kawai da kake liƙawa ko'ina, sai mutum ya ɗauka duk wuraren a bolt sifiri suke. A kan allo, mas tagulla ce mai turjiya kamar kowace. Ban ga fayil ɗinka ba, amma allunan irin naka da ɗalibai ke kawo mini nan Yamai kusan duk cuta ɗaya ce: manhajar ta jera ƙafafun mas kamar carbi, daga MOSFET mai kunna pampo zuwa cif, daga cif zuwa regilata mai rage bolt ɗin bateri, sannan bateri. Kuran ɗin pampo na dawowa ta layin da cif ke tsaye a kai. Injin pampo kuma a lokacin tashi yana jan ninki da yawa na abin da yake ja in ya daidaita. Bolt 0.3 ɗin nan sai ya zama bolt guda ko fiye na ɗan lokaci, baterin ma ya ɗan durƙusa, cif ya ga wutarsa ta faɗi, ya sake farawa. Ko da bai ɗauke ba, awon da yake yi ya lalace: ADC, wato sashen ATmega328P da ke mai da bolt zuwa lamba, mai bit 10 ne, a bolt 5 kowane taki milibolt 4.9 ne, don haka motsin bolt 0.3 a mas ya kai taki 60. Sai allon ya riƙa ce maka bateri ya cika alhali bai cika ba.

To ka ga inda hannu ya fi. Kai ka san wane layi ne mai kaya, wane ne mai tsoron hayaniya, kuma kana iya tambayar kowane layi ta ina kuran ɗinsa zai koma.

Maƙalewa daga jeri take farawa

Sauran layi goman nan da ke hana ka barci, tun kafin ka ja layin farko aka haife su. In kayan ba su zauna daidai ba, babu gwanintar da za ta fitar da kai. Ni a aikina, lokacin da nake ɓatawa wajen jera kaya ya fi wanda nake ɓatawa wajen jan layi, kuma ban taɓa ganin asarar hakan ba.

Ka goge duk layukan, ka bar siraran zaren da manhaja ke nunawa tsakanin ƙafafun da ba a haɗa ba. Fara da abin da ba ya motsi: ramukan kusoshi, da wuraren ɗaure wayoyin bateri da pampo, a bakin allo. Ka sa na bateri da na pampo kusa da juna, fiyus da MOSFET da diyod ɗin da ke kare shi daga bugun injin su zauna tsakaninsu, yadda babban kuran zai shigo ya fita a kusurwa ɗaya cikin santimita biyu ko uku, ba tare da ya ratsa sauran allon ba. Ka san yadda ake raba ruwa a garkar kawunka: babbar hanya daga bakin rijiya take ɗaukar ruwa, ƙananan hanyoyi su ɓalle daga jikinta zuwa fangali, ba wanda ke tura ruwan garka duka ta cikin fangalin iri. Cif da kwats ɗinsa, wanda ke buga masa agogo, da abin awon bateri su koma can ɗaya gefen. SIM800L ya zauna a baki, eriyarsa na kallon waje, nesa da kwats da layin awo.

Sannan ka buɗe shema a gefe, ka kama kaya rukuni-rukuni. Kondansata, wato ƴar ma'ajiyar wuta, mai nanofarad 100 ta kowace ƙafar wutar cif ta manne da ƙafar, milimita biyu ko uku, kada ta wuce haka. Kwats mai megahaz 16 da ƙananan kondansatocinsa biyu su zauna a gindin ƙafafunsu. Ka riƙa juya kowane abu da maɓallin R kana kallon zaren nan. Juyi ɗaya kan warware giciye huɗu. Ga kuma dabarar da sababbin shiga ba sa tunawa da ita: ƙafafun cif da yawa suna iya musanya aiki. In fitila tana kan ƙafar hagu alhali a dama ta zauna, koma shema ka canja mata ƙafa, ka gyara layi ɗaya a cikin shirin. Ya fi sauƙi a kan zagaye allo da tagulla. Ƙafafun da ke da aiki na musamman, irin na kwats da na UART mai musayar saƙo da na ADC, su ne ba a taɓawa yadda aka ga dama.

Kafin ka ja ko layi ɗaya, shiga saitin allo ka raba layukan aji-aji. Ajin sigina milimita 0.25 zuwa 0.3, ajin wutar cif 0.6 zuwa 1, ajin SIM800L milimita 2, ajin pampo 3 zuwa sama. Masana'antun Sin suna iya buga layi mai sirantar milimita 0.127 a allo mai fuska biyu, amma iyawarsu ba dalili ba ce ta ka matse kanka. Allon da za a gyara da ƙarfen dalma a Tawa yana son layi mai jiki. Da ka yi wannan rabon, ko Freerouting ɗin da ya ba ka allo mafi kyau.

Jan layin kansa

Sa'arka ita ce KiCad na da kyakkyawan majayin hannu. Jean-Pierre Charras ya fara manhajar a 1992 a Grenoble ta Faransa, amma majayin da ke ture layuka su ba da hanya injiniyoyin CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, ne suka kawo shi, ya fito a siga ta 4 a 2015. Yana da hali uku: ko ya nuna maka inda ka yi karo ya bar ka, ko ya zagaye abin da ya tare shi, ko ya ture layukan da ke gabansa. Ina fara allo da halin zagaye, in wuri ya fara cika in koma na turawa, tare da kulle layukan da na gama da su don kada a ture mini su. Maɓallan da za su zauna a yatsunka kaɗan ne: X ya fara layi, V ya huda ramin ƙetarawa ya kai ka ɗaya fuskar, alamar / ta juya yadda kwanar ke karyewa, D ya ja layin da aka riga aka shimfiɗa, B ya cika shimfiɗar tagulla. Wanda ya koyi aiki da wasu manhajojin zanen allo, kamar ARES na Proteus ko Eagle, zai saba cikin ƴan kwanaki. Maɓallai ne suka bambanta.

Tsarin da nake bi shi ne in fara da layin da ba ya yafiya. Na farko hanyar pampo, zuwa da dawowa. A nan ma ba na jan layi, shimfiɗar tagulla nake zanawa mai faɗi, daga bateri zuwa fiyus zuwa pampo, daga pampo zuwa MOSFET, daga MOSFET zuwa mas ɗin bateri kai tsaye. In wuri ya yi kaɗan, ka shimfiɗa a fuska biyu ka ɗinke su da ramuka da yawa; ni ina ƙiyasta amper ɗaya ga kowane rami mai milimita 0.3, in ƙara wasu a kai. Ana kuma iya neman tagulla mai kaurin maikuromita 70, da ƙarin kuɗi.

Na biyu regilata. In irin LM2596 ce, wadda ke kunnawa da kashewa sau 150,000 a daƙiƙa, akwai ƴar da'ira tsakanin kondansatar shiga da cif ɗin regilata da diyod, inda kuran ke yankewa farat ɗaya. Girman filin da da'irar nan ta kewaye shi ne girman hayaniyar da za ta watsa. Matse ta iyakar iyawarka. Layin da ke dawo da awon fitarwa zuwa regilata kuma ya bi nesa da naɗin wayar da ke gefen regilatar. Takardar bayanan kowace regilata tana da hoton yadda ake jera ta; ka kwaikwaye shi, babu abin kunya a ciki.

Na uku SIM800L. Wannan ɗan abu yana da ruɗi, domin a zaune ba ya cin komai, amma lokacin da yake magana da eriyar kamfanin waya yana fizgar har amper 2 a guntayen bugu, sau 217 a daƙiƙa. Shi ne kukan da kake ji a rediyo in salula na kusa ana shirin kira. Yana aiki tsakanin bolt 3.4 da 4.4, in wuta ta faɗi ƙasa da haka sai ya kashe kansa. Ka ba shi layinsa na kansa daga regilata, gajere mai faɗi, da babbar kondansata a gindinsa, kada cif ya sha daga bayansa.

Sai kondansatocin cif da kwats, sai layin awon bateri, wanda za ka nisanta da duk abin da na lissafa a sama. Fitilu da maɓallai da wayar abin da ke gane cikar shato su zo a ƙarshe. Su ko sun yi zagaye ba abin da zai same su, kuma su ne ya kamata su sha wahalar neman hanya.

Mas fa? A allo mai fuska biyu, ka bar fuskar ƙasa gaba ɗaya ta zama shimfiɗar mas, ka yi ƙoƙarin jan komai a sama. Kowace ƙafar mas ta sauka ƙasa ta raminta a nan inda take. In dole sai ka ƙetare wani layi, nutsa ƙasa, wuce shi, ka fito nan take. Santimita ɗaya ta isa. Dalili shi ne kuran mai saurin canji ba ya bin gajeriyar hanya wajen dawowa, ƙarƙashin layin da ya tafi ta kai yake bi. Dogon layi a fuskar ƙasa yana yanka shimfiɗar, kuran mai dawowa ya tarar da rami, ya zagaya, da'ira ta yi girma, hayaniya ta ƙaru. Tsohuwar koyarwar nan ta cewa layukan sama su bi tsaye na ƙasa su bi kwance tana warware giciye, amma tana daddatsa mas. A ƙaramin allo irin naka ban ba ka shawararta ba. Bayan ka danna B, kashe sauran fuskoki ka kalli ta ƙasa ita kaɗai, ka bi da ido daga MOSFET zuwa bateri, daga SIM800L zuwa regilata. In ka ga wurin da shimfiɗar ta tsuke ta zama siririn wuya, ko tsibirin da bai haɗu da komai ba, gyara.

Za ka ji ana cewa kwana mai digiri 90 haramun ce. A saurin da allonka ke aiki, babu abin da za ta yi maka. Muna karya kwana a digiri 45 ne don layi ya fi gajarta kuma ya fi shiga matsatsi. Abin da nake gudu shi ne kwana mai tsini, da layin da ke fita daga mazaunin ƙafa a karkace har ya kusa taɓa maƙwabcinsa.

Abin da ƙasarmu ke ƙarawa

Teburorin tazara an yi su ne da tunanin allo mai tsabta. Namu allon ƙurar hunturu za ta kwanta a kansa wata da watanni, damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama hanyar da kuran ke satar bi. A bolt 12 wannan ba ya kashe kowa, amma yana ɓata awo a layin da ke da manyan rezistans, don haka ka buɗa tazara a can, ka shafa wa allon banis bayan ka gama. Ranar da ka sa rile, wato makunnin da cif ke sarrafawa, mai kunna pampon bolt 220, magana ta canja. Ƙololuwar wannan wutar bolt 311 ce, IPC-2221 na neman milimita 2.5 tsakanin layukan waje marasa rufi a wannan mataki. Tsakanin ɓangaren 220 da ɓangaren da hannu ke taɓawa ni ba na yin ƙasa da milimita 6 zuwa 8, in sa a yanka tsaga a allon, kuma ba na barin shimfiɗar mas ta kusanci wurin. Wannan shi ne wurin da ba na yarda manhaja ta ja mini ko layi ɗaya.

In kuma a gida za ka wanke allon da ruwan ferik kulorayid, bayan ka manna zanen da dutsen guga, dokokin duka sai sun faɗaɗa: layi milimita 0.6 zuwa 0.8, tazara kamar haka, mazaunin ƙafa manya. Ramukanka ba su da tagulla a ciki, kowane ramin ƙetarawa sai ka zura waya ka yi dalma sama da ƙasa, kuma ba zai yiwu a ƙarƙashin cif ba. Gara fuska ɗaya da ƴan gadojin waya biyar ko shida. Kada ka ga gada ka ɗauka gazawa ce. Buɗe tsohuwar rediyo daga kasuwar Katako ka ƙirga nawa ke ciki.

Ban ce ka jefar da Freerouting ba. In ka ja masu muhimmanci da hannu ka kulle su, kana iya bar masa ragowar fitilu da maɓallai, sannan ka bi bayansa ka share. Ka kuma sani duk abin da na faɗa na allo mai fuska biyu ne mai tafiya a hankali. Da ka shiga USB mai sauri, inda layi biyu ke tafiya tare da impidans om 90, ko ƙwaƙwalwar DDR, ko layin eriya, faɗin layi ya koma hannun kaurin allo da irin guduronsa, ana bukatar fuska huɗu da lissafin masana'anta. Alƙaluman zafin da na ba ka ma ƙiyasi ne daga tsohon ma'auni. IPC-2152 na 2009 ya fi shi zurfi, kuma akwatin da ka rufe allon a ciki yana iya canja komai. Shi ya sa nake ƙara faɗi a kan abin da lissafi ya ba ni.

Kafin ka aika sabon zanen, ka gudanar da DRC har da duba daidaito da shema, ka buga shi a takarda da girmansa na gaskiya, ka ɗora kayan a kai ɗaya bayan ɗaya. Kayan da ake samu a kasuwa ba kullum ƙafafunsu ke daidai da na cikin manhaja ba, kaya daga Sin kuma makonni yake yi kafin ya iso.

Allon da ke hannunka ma bai mutu ba. Ɗauki wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 1.5, ka haɗa ƙafar mas ta MOSFET da mas ɗin bateri kai tsaye, ka yanke tsohon layin da ke bi ta wurin cif, ka ba cif ɗin tasa wayar daban zuwa wuri ɗaya. Haka za ka yi wa layin da ya yi baƙi da sauran hanyar pampo. Kada ka dogara da zuba dalma a kan layi, turjiyar dalma ta ninka ta tagulla kusan sau takwas, waya ce ke ɗaukar kayan. Ƙara kondansata mai maikurofarad 1000 a gindin SIM800L, ka tabbata akwai diyod a kan wayoyin pampo. In ka kunna, sa mita tsakanin mas ɗin cif da mas ɗin bateri ka tayar da pampo; in ka ga ƴan milibolt kawai, ka kama ɓarawon. Ka turo mini hoton fuskar ƙasa ta sabon zanen kafin ka biya kuɗin bugu. A gaida kawu.